Tukunyar Gas a Bayan Motar Aiki: Tsakanin Mai Wanke Tagogi da Kamfanin Inshora

A tsakiyar hunturu, a arewacin Ingila, gari ba ya wayewa sosai sai ƙarfe takwas ta gota. Kafin nan mai wanke tagogi ya riga ya fito, ya kankare ƙanƙarar da ta kwanta a gilashin motarsa, ya buɗe baya ya matsa tiyo don ya ji ko ruwan ciki ya daskare cikin dare. In ya daskare, aikin safiyar ya tafi ke nan, kuma a wannan sana'a gidan da ba ka wanke ba ba ya biyanka. Shi ya sa wasunsu suka nemi dabara. Suka sayi 'yar ƙaramar hita mai aiki da iskar gas, suka kafe ta a jikin motar daga ciki, suka ɗaure tukunya a gefenta. Iskar gas nake nufi, irin ta girki, kada mai karatu ya ɗauka man gas ne da direbobinmu ke kiran dizal da shi. Ruwa na bi ta cikin hitar yana fita da ɗuminsa, aiki na tafiya.

Rigimar takan taso ne ranar sabunta inshora. Mutum ya kira kamfani, a tambaye shi ko an ƙara wa motar wani abu da ba da shi ta fito daga masana'anta ba. Ya ambaci tankin ruwa, a ce to. Yana ambaton gas sai murya ta sauya. Wani kamfanin ya ce shi sam ba ya karɓar irin wannan mota, wani ya tsawwala kuɗi, wani ya nemi takardar ƙwararren da ya haɗa kayan. Masu sana'ar na cewa zalunci ne da tsoro marar dalili. Kamfanonin na cewa lissafi ne kawai. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su duka kafin a yanke hukunci.

Yadda ruwa ya koma cikin mota

A da, jarin mai wanke tagogi bai wuce tsani da bokiti da tsumma ba. A shekarar 2005 Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin aiki a wuri mai tsawo. Ba su haramta tsani ba, amma sun ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa, to a yi shi daga ƙasa. Wannan ya ƙara tura masu sana'ar zuwa ga doguwar sanda mai buroshi a kai, wadda tiyo ke kai mata ruwa har hawa na uku ko na huɗu, mutum yana tsaye a ƙasa. Ruwan famfo ba ya wannan aiki, domin in ya bushe yakan bar tabo a gilashi. Sai an tace shi an raba shi da gishirin ma'adinai tukuna. Tataccen ruwan nan ake lodawa a tanki a bayan mota, sau da yawa lita 400 zuwa 650. Kowace lita kilo guda ce, don haka tankin lita 500 rabin tan ne na ruwa da ke kaiwa da komowa a bayan direba. Motar da aka ƙera don ɗaukar kwalaye ta zama ƙaramar masana'anta mai tanki da famfo da batir, ga kuma wuta ta shigo.

Hujjar mai sana'a

Abu na farko da mai sana'a zai faɗa maka shi ne ruwan ɗumi ba gata ba ne a wurinsa. Yana hana tiyo sandarewa, yana jiƙa kashin tsuntsu da ya bushe a gilashi, yana wanke gishirin da iskar teku ke watsa wa gidajen bakin ruwa, kuma mutum yakan gama gida cikin ƙanƙanin lokaci. Watannin sanyi a can suna da yawa, kuma haya da kuɗin wuta ba sa jiran bazara.

Na biyu, kuɗi. Akwai hita mai aiki da dizal, irin wadda kamfanonin Jamus kamar Webasto da Eberspächer ke ƙerawa, kuma kamfanonin inshora sun fi sakin jiki da ita. Amma cikakken haɗinta yakan kai dubban fam, alhali 'yar hitar gas ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wanda ya fara sana'a da tsohuwar mota da bashin ɗan'uwa, ka ce masa ya sayi ta dizal, ka ce masa ya koma ga ruwan sanyi ne kawai.

Na uku, kuma nan ne ransa ya fi ɓaci, yakan nuna maka titi. Ga motocin da Turawa ke yawon hutu da su suna kwana a ciki, kowacce da murhun gas da hitar wanka. Ga motocin sayar da abinci, ana soya nama a kan wutar gas daga safe har dare. Ga masu gyaran rufin gida da tukwanensu. Duk waɗannan suna samun inshora. To me ya sa sai shi, da yake kunna tasa da rana, ƙofa a buɗe, yana tsaye a kusa, aka mayar da shi abin gudu?

Na huɗu, yakan ce ba a ma duba motarsa ba aka ƙi shi. Yawancin inshorar mota a Birtaniya yanzu ta intanet ake saye, a shafukan da ke jera farashin kamfanoni. Fom ɗin yana da gurbin ƙafafun mota na ado da gurbin ƙarfen ɗora kaya a saman mota, amma da wuya ka ga gurbin hitar ruwa. In ka kira, wanda ya ɗauka yana karanta abin da kwamfuta ta nuna masa ne. Wanda ya kashe kuɗi ya yi haɗi mai kyau da wanda ya ɗaure tukunya da igiyar shanya duk amsa ɗaya suke samu. A ganinsa wannan shi ke koya wa mutane ƙarya, tunda mai gaskiya ne ke komawa gida hannu rabbana.

Hujjar kamfani

Kamfanin inshora kuwa daga halin iskar kanta yake farawa. Gas ɗin da ke cikin jar tukunyar da suke amfani da ita ruwa-ruwa ne saboda matsi. Da zarar ya fita, lita guda takan zama iska sama da lita 250. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka in ya yi yoyo ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasan mota kamar ruwa a kwano. Kuma yana kamawa da wuta ne idan ya kai tsakanin kashi 2 zuwa kashi 10 cikin ɗari na iskar wurin. Mu yi lissafi. Bayan matsakaiciyar mota irin Ford Transit Custom yana ɗaukar iska kimanin lita 6,000. Kashi 2 cikin ɗari na wannan lita 120 ne, wato gas ɗin da bai kai rubu'in kilo ba. Tukunyar da ke ɗaure a wurin kuwa mai kilo 13 ce ko 19. Ga batir a gefe, ga wayoyin famfo, ga makunnin fitilar da ke kamawa da an buɗe ƙofa. Ƙyastu ɗaya ya isa.

Sai hayaƙi. Yawancin waɗannan hitoci masu araha an ƙera su ne don wanka a sansanin hutu ko wanke doki a fili, kuma masu ƙera su sun rubuta cewa a waje ake amfani da su. In aka kunna su a cikin rufaffiyar mota ba tare da bututun fitar da hayaƙi ba, za su iya tara iskar nan marar wari da launi, wadda mu ma muka santa, domin ita ke kashe iyalai a ɗakin da aka kwana da janareta ko kaskon gawayi ƙofa a rufe. Zafin da ke fita ta saman hitar kuma yana bugun rufin mota ne kai tsaye.

Game da motocin yawon hutu, kamfani zai ce kwatancin bai zauna ba. Waɗancan daga masana'anta suke fitowa da akwatin tukunya na musamman, a toshe ta ciki, da huji a ƙasa inda gas zai zube waje, kuma akwai ƙa'idar Turai mai lamba EN 1949 da ake bi wajen haɗa su. Kamfanoni sun shekara da shekaru suna yi musu inshora, sun san nawa ke ƙonewa cikin dubu. Motar mai wanke tagogi kuwa kowacce da irin haɗinta. Wata ƙwararre ne ya haɗa, wata mai ita ne ya haɗa ranar Lahadi yana kallon bidiyo a waya. Ta wayar tarho ba a iya bambance su. Tun 1 ga Afrilun 2009 rajistar Gas Safe ce ke riƙe da sunayen masu izinin aikin gas, bayan ta gaji wadda ake kira CORGI, amma ko a cikinsu ba kowa ke da shaidar aikin gas na tukunya a cikin mota ba, kuma mai shaidar ma zai yi jinkirin sa hannu a kan na'urar da mai ƙera ta ya ce ta waje ce.

Hujja ta ƙarshe ita ce inshora asusun taron jama'a ne. Diyyar da za a biya daga aljihun sauran direbobi take fitowa. Wannan mota kuma ba a jeji take aiki ba. A ƙofar gidajen mutane take tsayawa, da harabar makarantu da gidajen kula da tsofaffi. In ta tashi, hasarar ba ta tsaya a kan tsohuwar mota ba.

Masu cewa a yi shiru

Akwai kashi na uku a muhawarar, waɗanda suka gaji da jayayya suka ce mafita ita ce kada a faɗa. Hujjarsu ita ce hitar ratayawa ake yi, ana iya cire ta, don haka kaya ce kamar bokiti, ba gyaran mota ba ce. Wannan ra'ayi shi ne mafi rauni, kuma doka ba ta bar masa ƙofa ba.

Tun 1766 aka kafa ginshiƙin maganar a kotun Ingila, a shari'ar Carter da Boehm. Gwamnan wani sansanin Ingilishi a tsibirin Sumatra ya yi wa sansanin inshora, Faransawa suka zo suka ci shi, mai inshorar ya ƙi biya, wai an ɓoye masa raunin ganuwar. Alƙali Lord Mansfield ya bayyana cewa inshora ciniki ne da ke tsaye a kan amana, domin mai neman ta ne ya san abin da ɗaya ɓangaren bai sani ba. Abin lura shi ne duk da haka ya bai wa gwamnan gaskiya, saboda mai inshorar ya san halin yaƙin da ake ciki, ya karɓi kuɗi bai yi tambaya ba. Wato amanar ta hau kan kowa.

Yau dokar da ke aiki a kan 'yan kasuwa ita ce Dokar Inshora ta 2015, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2016. Mai motar gida, a ƙarƙashin wata doka ta 2012, abin da ke kansa shi ne ya kula ya amsa tambayoyin da aka yi masa da gaskiya. Mai motar sana'a nauyinsa ya fi haka: wajibi ne ya gabatar da duk abin da ya sani wanda zai iya sauya shawarar kamfani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wutar gas a cikin mota kuwa babu mai musun tana cikin irin waɗannan.

Hukuncin hawa-hawa ne. In an ɓoye da gangan ko da ganganci, kamfani na iya soke yarjejeniyar tun daga tushe, ya ƙi biyan komai, ya kuma riƙe kuɗin da aka biya shi. In kuskure ne, sai a duba abin da kamfanin zai yi da ya sani. Da zai ƙi karɓar motar, to ya soke ya mayar da kuɗi. Da zai ƙara farashi ne, sai a rage diyya daidai gwargwado. Misali, wanda ya biya fam 800 alhali da ya faɗi gaskiya fam 1,000 za a caje shi, in ya yi hasarar fam 10,000, fam 8,000 zai karɓa. Abin da masu shiru ba su cika lura da shi ba shi ne ba sai gas ɗin ne ya jawo hasarar ba. Ko sace motar aka yi, ko karo ta yi a shataletale, mai binciken kamfani zai buɗe baya ko ya ga hotuna, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Doka takan tilasta wa kamfanin ya biya wanda aka ji wa rauni a hanya, amma yana iya juyowa ya bi mai motar bashin abin da ya biya. Bayan haka, duk inda ya je neman sabuwar inshora za a tambaye shi ko an taɓa soke masa wata. Tuƙi babu inshora kuwa tararsa ta nan take fam 300 ce da maki 6 a lasisi, kuma 'yan sanda na da ikon kama motar.

Ramin da ke tsakanin takardu biyu

Ko wanda ya faɗi gaskiya aka karɓe shi, da sauran rina a kaba. Inshorar mota an gina ta ne a kan amfani da mota a hanya. To idan motar tana tsaye a farfajiyar gidan mai ba da aiki, injinta a kashe, hita ce kawai ke ci, gobara ta tashi ta lashe gidan, wa zai biya? Wata shari'a da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2019 ta nuna zurfin wannan rami. Wani ma'aikaci ya shigar da motarsa wurin aikinsu yana yi mata walda, tartsatsi ya kama, wuta ta ci wurin da na maƙwabta, hasara ta haura fam miliyan 2. Kotu ta ce inshorar motarsa ba ta ɗauki wannan ba, domin gyaran mota a cikin gini ba amfani da ita a hanya ba ne. Don haka mai hitar gas yana bukatar takarda ta biyu, wato inshorar ɓarnar da sana'arsa za ta iya yi wa jama'a, kuma ita ma sai ya karanta ta da kyau, domin irin waɗannan takardu sukan ƙunshi sharaɗi a kan aiki da wuta. In yana da yaron aiki, dokar 1969 ta wajabta masa ta uku, wadda ba za ta gaza fam miliyan 5 ba.

Inda na tsaya

Da na auna, a kan haɗarin kansa kamfani ya fi gaskiya. Lissafin rubu'in kilon nan ba ya karɓar musu, kuma na'urar da aka ƙera don fili ba ta zama ta cikin mota don kawai an huda mata ƙusa huɗu. Araha ba ta ado. Wanda ba zai iya biyan haɗi mai kyau ba, akwai hanya ta tsakiya da wasu ke bi: hitar lantarki da ake sakawa a cikin tankin a jona ta da wutar gida cikin dare, a lulluɓe tankin don ya riƙe ɗumi har yamma. Ba ta kai gas zafi ba, amma babu harshen wuta a cikin motar, ko da yake ita ma sai an faɗa wa kamfani.

A kan yadda ake mu'amala da masu sana'ar kuwa, mai sana'a ya fi gaskiya. Ƙin kowa da kowa ba ya rage tukwanen gas a kan titi, ɓoye su kawai yake sawa a yi. Abin da ya dace shi ne kamfani ya fito da sharuɗɗa a fili: tukunya a tsaye, a ɗaure, cikin akwati mai huji a ƙasa, bututun hayaƙi zuwa waje, a rufe kan tukunya kafin mota ta motsa, na'urar kashe gobara da mai ƙarar gargaɗi, dubawar ƙwararre duk shekara. Wanda ya cika, a karɓe shi a kan farashin da ya dace da shi. In kuma an karɓi kuɗinsa bayan ya bayyana komai, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙananan 'yan kasuwa a can suna da ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi da za su kai ƙara kyauta, kuma akwai dillalan inshora da suka ƙware a motocin sana'a, waɗanda ke magana da mai yanke shawara kai tsaye maimakon kwamfuta.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai iya cewa wannan matsalar mutanen Ingila ce. To ya duba abin da ya biyo bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Motocin haya da Keke Napep da yawa sun koma amfani da wani nau'in gas, wasu a cibiyoyin da aka amince da su, wasu a garejin bakin titi. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a Benin, hukumomi suka ce tukunyar da ke jikinta haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Inshorar dole ta motar gida a Najeriya ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, kuma da yawanmu muna sayenta ne don mu nuna a shingen 'yan sanda. Mutum nawa ne suka koma suka shaida wa kamfanin inshora ko na takaful cewa yanzu akwai tukunya a but ɗin motarsu? Alhali mun taso muna jin malamai na cewa bayyana aibin haja wajibi ne a ciniki.

Shawarata ga duk mai motar sana'a, a Ingila yake ko a gida, ita ce ya tambayi kamfanin inshorarsa tun kafin ya sayi na'urar, ya faɗi sunanta da girman tukunyar da wanda zai haɗa, ya kuma nemi amsar a rubuce ya adana. In sun amince, ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙi, ya nemi wani kamfanin ta hannun dillali. In duk sun ƙi, ya sauke tukunyar daga motar.